Guntun Karatu Daga Taskar Magabata: Tambayoyinku da Amsoshinmu

Wasiƙun da suka taru a wannan karo kusan duk abu guda suke kewayawa. Mutum yana son ya ɗanɗani abin da magabata suka bari, waƙa ko tarihi ko hikaya, amma ba shi da sukunin sauke littafi daga bango zuwa bango. Guntun karatu ba aibi ba ne. Abin da ke ɓata shi abu biyu ne: a yanka inda ba gaɓa ba, ko kuma a ɗauko magana a bar mai maganar a baya. Mun zaɓi wasiƙu shida.

Tambaya: Aiki ba ya bar mini fiye da minti 15 a rana. Na sha sayen manyan littattafai, in kai shafi 30 in ajiye. Da wanne zan fara, kuma nawa zan riƙa karantawa? *Daga wani ma'aikaci*

Amsa: Malam, minti 15 sun isa. Zaɓin littafi ne ya riƙa kayar da kai. Akwai littattafan da masu su suka gina su ɗaki-ɗaki, kowane da ƙofarsa, akwai kuma waɗanda suke kamar igiya guda, in ka saki sai ka koma bakinta. Iliyad, tsohuwar waƙar Girkawa ta Homa, layi fiye da 15,000 ce a kashi 24, duka a kan fushin mutum ɗaya da abin da ya haifar. Wannan ba ta mai minti 15 ba ce, a farkon tafiya dai. Fara da masu ɗaki-ɗaki: Kalila wa Dimna, wanda Ibnul Muƙaffa ya juya daga tsohon Farisanci zuwa Larabci wajen shekarar 750, asalinsa kuma Indiya, ko Magana Jari Ce na Abubakar Imam, juzu'i 3 da suka fito a ƙarshen shekarun 1930, ko Tarihin Kano, inda kowane sarki yake da sashensa. Maƙamatul Hariri ma haka yake, maƙama 50 kowace tana tsaye da ƙafarta, sai dai Larabcinsa tsauri gare shi. In shi ka ɗauka, nemi mai sharhi, irin na Sharishi, ka ba maƙama ɗaya mako guda cur.

Game da yawa: mai karatu a bayyane, ba gaggawa, yakan yi kalma 120 zuwa 140 a minti. Ke nan zube mai kalma 600 zai ci minti 5, wato kamar shafi biyu na matsakaicin littafi. Waƙa ta fi cin lokaci, don haka baiti 10 zuwa 12 in ƙwar biyu ce (layi biyu a kowane baiti), 5 ko 6 in ƙwar biyar ce. Minti 2 na farko ka waiwayi inda ka tsaya jiya. Minti 5 ka karanta da murya, kada ka tsaya ko ka ci karo da kalmar da ba ka sani ba, ɗiga mata alama da fensir ka wuce. Minti 5 na biye ka sake bi a hankali, a nan ne za ka buɗe ƙamus, kuma kada ka wuce kalma biyar. Sauran mintin 3 ka rubuta jimla biyu: wa ya yi magana, me ya faru.

Wannan "wa ya yi magana" ba ƙaramin abu ba ne, musamman a Kalila. A babin zaki da sa, malami Baidaba ne ke ba sarki Dabshalim labari. A cikin labarin, Dimna yana ba ɗan'uwansa Kalila labarin hankaka da maciji. A cikin wannan kuma dila yana ba hankaka labarin zalɓe da ƙaguwa. Hawa uku ke nan a ƙarƙashin na farko. Wanda ya rufe littafi a tsakiyar labarin zalɓe, in ya dawo gobe ba zai san dalilin kawo shi ba. Tsaya ne a inda labarin ciki ya rufe, aka koma bakin wanda ya buɗe shi.

Tambaya: Ina koyar da adabi. Idan na ba ɗalibai tsofaffin rubutattun waƙoƙin Hausa da aka buga da boko, sai karatun ya riƙa tuntuɓe, kamar ba waƙa ba. Wasu har cewa suke mawallafin ne bai iya ba. Ina matsalar take? *Daga wata malama*

Amsa: Malama, mafi yawan lokaci mawallafin ya iya, rubutun boko ne ya ɓoye abin da ya auna. Rubutacciyar waƙar Hausa ta gargajiya da nauyin gaɓa ake auna ta, kamar ta Larabci. Gaɓa iri biyu ce. Mai sauƙi ita ce baƙi da gajeren wasali, kamar *da*. Mai nauyi ita ce baƙi da dogon wasali, ko tagwan wasali irin *au* da *ai*, ko wadda baƙi ya rufe, kamar *kir* a *kirki*. To boko ba ya nuna tsawon wasali. *Gari* na mazauni da *gari* na niƙa rubutu ɗaya ne, alhali na farko gaɓarsa ta fari mai sauƙi ce, na biyu mai nauyi. A ajami ana rubuta wannan bambanci, shi ya sa wanda ya koyi waƙa daga ajami bai cika yin wannan tuntuɓe ba.

Ga yadda za ki yi da su a aji. Ɗauki ɗango ɗaya kawai. Su faɗe shi da bakinsu yadda ake magana, sannan su sake rubuta shi suna ninka duk wasalin da suka ji ya ja. Su raba shi gaɓa-gaɓa, su sa wa mai sauƙi ɗigo, mai nauyi kuma karan tsaye. Su yi haka ga ɗango huɗu ko biyar a jere, ɗaya ƙarƙashin ɗaya. Abin da ke maimaita kansa shi ne ƙafar waƙar. Ɗango ɗaya ba ya isa a yanke hukunci, domin yana iya zama wanda aka yi wa sassauci.

Mun ƙera wannan ɗango don gwaji: *Mutane suna son zumunci da kirki.* In aka raba shi: mu-taa-nee, su-naa-son, zu-mun-cii, da-kir-kii. Kowace ƙafa mai sauƙi ɗaya ce sai masu nauyi biyu, wato *fa'uulun*, sau huɗu. Wannan shi ne karin Mutaƙarab, wanda Firdausi ya ɗora Shahnama, doguwar waƙar sarakunan Farisa, a kansa. Yanzu ki cire *kirki* ki sa *gaskiya*. Ma'ana ba ta lalace ba, amma ƙafar ƙarshe ta zama da-gas-ki-yaa, gaɓa ta ƙaru, kuma ko yaron da bai taɓa jin sunan arulli (ilimin awon waƙa) ba zai ji abin ya karye. Da irin wannan gwaji ɗalibai suke yarda cewa awo gaskiya ne, ba ƙa'idar malamai kawai ba.

Abin da ya fi rikita masu koyo shi ne zihafi, wato sassaucin da aka yarda da shi. A karin Kamil ƙafar ita ce *mutafaa'ilun*: masu sauƙi biyu, mai nauyi, mai sauƙi, mai nauyi, daidai da *haƙurin maza*. An halatta wa mawallafi ya haɗe masu sauƙin nan biyu na farko su zama mai nauyi ɗaya, kamar *sarkin maza*. Tsawon lokacin furucinsu ɗaya ne, don haka rauji ba ya canjawa. Ɗalibin da ke ƙirga yawan gaɓoɓi kawai zai ga ɗango ɗaya 15, na biye 13, ya ce an yi kuskure. Babu kuskure. Haka kuma gaɓar ƙarshen ɗango ana ɗaukar ta mai nauyi ko da a magana gajera ce.

Halilu ɗan Ahmad na Basra, a ƙarni na 8, shi ya tsara karuruwa 15, almajirinsa Ahfash ya ƙara na 16. Ba sai kin koya musu duka ba. Kamil, Mutaƙarab, Ɗawil, Basiɗ, Wafir, Rajaz da Ramal za su buɗe musu mafi yawan abin da za su haɗu da shi. In kuma waƙa ta ƙi shiga ko ɗaya, kada a matsa mata. Mawallafa da dama, musamman na ƙarni na 20, daga waƙar baka da amon kiɗa suka ɗauko karinsu, kuma irin waɗannan sai an ji an rera su kafin a gane inda ƙafa ke sauka. Sauran abin lura guda: idan ɗango ɗaya tak ya karye a waƙar da sauranta ke tafiya daidai, fara zargin mai kwafa ko mai juyawa daga ajami zuwa boko. Kalmar Sakkwatanci da aka "gyara" zuwa daidaitacciyar Hausa takan ƙara gaɓa ko ta rage.

Tambaya: 'Ya'yana sun karanta labarin Bayajida a makaranta, suka tambaye ni ko da gaske ya faru. Na rasa amsa. Tarihi ne ko tatsuniya? *Daga wani magidanci*

Amsa: Ba ɗaya daga cikin biyun ba ne, Malam. Masana adabi suna kiran irinsa *tarihihi*. Tatsuniya ba ta neman a gaskata ta, ita da kanta take buɗewa da "ga ta nan" ta rufe da "ƙurunƙus". Tarihi yana tsayawa ne a kan shaidar da wani zai iya dubawa. Tarihihi kuwa yana ambaton wurare da mutane na gaske, masu ba da shi sun yarda da shi, amma ya daɗe yana yawo a baki har ya ɗauki sifar labari mai daɗin faɗa.

Tambaya uku ake yi wa irin wannan labari. Ta farko: tsakanin faruwar abin da rubuta shi, shekara nawa? Labarin Bayajida yana magana ne a kan abin da ake hasashen ya wuce shekara 1,000, rubutattun ruwayoyinsa da ke hannu kuwa na ƙarnonin baya-bayan nan ne. Ta biyu: akwai wata shaida daga waje da ba daga bakin masu labarin ta fito ba? Ta uku: shin wannan zubin labari yana bayyana a wasu ƙasashe? A nan amsar e ce. Baƙo ya zo, ya kashe macijin da ya tare ruwa, ya samu sarauta: Girkawa suna da shi a labarin Kadmus da kafa birnin Tibis. Soninke na tsohuwar daular Gana suna da macijin Bida na Wagadu, sai dai a nasu kisan macijin fari da watsewar daula ya jawo. Idan zubi ya yawaita haka, alama ce cewa ƙwarya ce da al'ummomi suke zuba tunaninsu na asalin mulki a ciki.

Wannan ba ya nufin a jefar da labarin. Abin da ke cikin ƙwaryar shi ne abin nema. Labarin yana cewa Daura, Kano, Katsina, Zazzau, Gobir, Rano da Biram suna kallon juna a matsayin 'yan gida ɗaya. Yana tuna zamanin da mata ke sarautar Daura, da juyawar sarautar zuwa maza. Yana bi ta Borno kafin ya iso, kuma yana tsayawa a Gaya wurin maƙera don a ƙera wuƙa, abin da ke nuna matsayin ƙarfe da masu sarrafa shi. Rijiyar Kusugu tana nan a Daura, amma a gaya wa yara a sarari: kasancewar rijiya yana tabbatar da rijiya ne, ba maciji ba. Ya kamata kuma su san ba ruwaya ɗaya ba ce. Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri na 1812, ya kawo wata da ta ce Bawo, wanda ruwayar Daura take cewa ɗan Bayajida ne, bawan Sarkin Borno ne.

Don su ga yadda tambaya ta biyu take aiki, kwatanta musu da Sunjata na Mali. Labarinsa ma cike yake da tsafi da abin mamaki, yaron da ya daɗe bai yi tafiya ba, abokin gaban da makami ba ya kama shi. Amma Ibn Haldun, wanda ya rasu a 1406 kuma bai dogara da marokan Mali na yau ba, ya ambaci sarkin Mali mai suna Mari Jata da ya ci Susu da yaƙi ya yi mulki shekara 25. Wannan shaidar waje ce, shi ya sa masana suka amince akwai mutumin, suna kuma sa yaƙin Kirina wajen 1235, ba tare da sun karɓi tsafin ba. Sarauniya Amina tana tsakiya. Tarihin Kano ya ambace ta a zamanin Sarki Dauda, farkon ƙarni na 15, ya ce ta ci ƙasashe har Kwararrafa da Nufe, ruwayar Zazzau kuwa ta mai da ita 'yar Bakwa Turunku, a ƙarni na 16. Majiyoyin sun haɗu a kan mutum, sun rabu a kan lokaci da fiye da shekara 100.

A aikace, idan za ka karanta musu guntu, fara da "masu ba da labarin Daura sun ce". Kalmomi bakwai ne, amma sun sa labarin a mazauninsa ba tare da sun rage masa daɗi ba.

Tambaya: Na ga an rubuta cewa Bagauda ya hau sarautar Kano a 999. Yaya aka san wannan daidai haka? Sannan a ƙarshen tsofaffin waƙoƙi nakan ga an ce "ramzi", sai wata kalma marar ma'ana. Mene ne? *Daga wani ɗalibin tarihi*

Amsa: Shekarar 999 ba ta cikin Tarihin Kano na asali. Littafin, wanda da Larabci aka rubuta shi, tsawon mulkin kowane sarki yake bayarwa: wane ya yi shekara kaza. H. R. Palmer, da ya fassara shi zuwa Turanci a 1908, shi ya tsaya a ƙarni na 19 inda shekaru suke tabbatattu, ya yi ta ɗebewa baya sarki bayan sarki har ya kai Bagauda. Illar wannan lissafi a fili take. Kuskuren shekara biyu a sarki ɗaya yana bin duk waɗanda suka gabace shi, kuma in an manta wani sarki ko an haɗe biyu, tazarar sai ta ƙaru. Saboda haka duk yadda aka yi nisa baya, haka tabbaci ke raguwa. Inda lissafin ya samu turke shi ne zamanin Muhammadu Rumfa, 1463 zuwa 1499, domin zuwan Shehu Magili Kano a farkon shekarun 1490 sananne ne daga wasu majiyoyi, kuma ya faɗo daidai cikin wannan zango. Idan za ka ambaci Bagauda, ce "wajen ƙarshen ƙarni na 10 bisa lissafin Palmer".

Haka za ka yi wa adadin mayaƙa. Ibn Haldun a Muƙaddima, wadda ya rubuta a 1377, ya soki Mas'udi da wasu kan cewa rundunar Bani Isra'ila ta kai mayaƙa 600,000. Ya auna adadin da faɗin ƙasar da za ta ɗauke su, da yawan zuriyar da za a iya haifa a 'yan tsatson da ke tsakani, da kuma cewa Farisa, da duk girman daularta, 120,000 ta tara a Ƙadisiyya. Ma'auninsa har yau yana aiki: ina za su tsaya, me za su ci, wa ya ƙirga su?

Ramzi kuwa shekarar Hijira ce aka ɓoye cikin haruffa, ta hanyar lissafin abjadi. Alif 1, ba 2, jim 3, har ya 10. Sannan kaf 20, lam 30, mim 40, nun 50. Ƙaf 100, ra 200, haka har 1,000. Baƙaƙe kawai ake ƙirgawa, ban da wasulla na sama da ƙasa. Tarkon da ke kama mutane shi ne abjadi iri biyu ne, na Gabas da na Magrib, kuma malaman ƙasar Hausa na Magrib suke bi. Sun saɓa a haruffa shida. A na Magrib sad 60 ne, lad 90, sin 300, za mai hannu 800, gain 900, shin 1,000. A na Gabas shin 300 ne kacal. Ɗauki kalmar *sharafu*: shin 1,000, ra 200, fa 80, jimla 1280. Wanda ya yi amfani da na Gabas zai samu 580, ya mai da waƙar ƙarni na 19 ta koma ƙarni na 12. Shi ya sa za ka ga ramzin waƙoƙin zamanin jihadi suna yawan farawa da *sh*.

Juyawa zuwa Miladiyya: raba shekarar Hijira da 33, ɗebe abin da ka samu daga ita, ka ƙara 622. A 1280, kashi ɗaya cikin 33 kusan 39 ne, saura 1241, a ƙara 622 ya ba da 1863. Amsar takan nuna shekarar da ta Hijira ta fara a cikinta, don haka rubuta 1863/64. Hijirar Shehu Usmanu zuwa Gudu misali ce mai kyau: 1218 ce, lissafi ya ba da 1803, amma da yake a ƙarshen shekarar aka yi ta, Fabrairun 1804 ta faɗo.

Tambaya: Na sayi Alfu Laila na Larabci don in karanta labarin Alauddin da fitilarsa, na duba ban same shi ba. An yanke mini littafin ne? *Daga wata mai karatu*

Amsa: Da wuya, Malama. Antoine Galland, Bafaranshen da ya fassara littafin tsakanin 1704 da 1717, tsohon kwafin Siriya da ya yi aiki da shi bai kai dare 300 ba, kuma babu Alauddin ko Ali Baba a ciki. Waɗannan ya ji su ne a Faris a 1709 daga bakin wani mutumin Halab mai suna Hanna Diyab, ya sa su cikin fassararsa. Saboda haka bugun Larabci da yawa, irin waɗanda suka bi na Bulaƙ na 1835, ba su ɗauke da su. Nemi su a bugu na daban. Irin wannan yana faruwa da masu neman labarin dokin katakon da Girkawa suka ci birnin Troy da shi a Iliyad: ba ya ciki, domin waƙar ta ƙare ne da jana'izar Hekta, jarumin birnin, shi kuwa birnin bai faɗi ba tukuna. Dokin yana cikin Odisi a taƙaice, cikakken labarinsa kuma a kashi na biyu na waƙar Barjil ta Latin.

Tambaya: An ba ni minti 5 a wani shiri na mako-mako don in riƙa karanta guntun waƙa ko hikaya. Yaya zan yanko daga doguwar waƙa ba tare da na ɓata ta ba? *Daga wani mai gabatar da shiri*

Amsa: Raba mintin 5 ɗin tukuna: daƙiƙa 45 na shimfiɗa, minti 3 da rabi na karatu, sauran na fassarar kalma biyu ko uku masu wuya. Shimfiɗar jimla uku ce, wa ya rubuta da yaushe, wa ke magana a wannan guntu, me ya faru kafin nan. Kada ka gaya wa mai sauraro abin da zai ji a ransa, bar wannan ga waƙar.

Sannan nemi gaɓoɓin waƙar. Tsohuwar ƙasidar Larabci ba turke ɗaya take bi ba, zango-zango take tafiya. Mu'allaƙar Imru'ul Ƙaisi, baiti wajen 80, ta fara da tsayawa a kufai, ta shiga tuna mata, sai dare mai nauyi, sai siffanta doki, ta rufe da hadari da ambaliya. Kowane zango guntu ne cikakke. Na hadarin, baiti goma sha kaɗan na ƙarshe, ya dace da lokacinka ƙwarai, kuma ba ya buƙatar dogon bayani. Burda ta Busiri ta fi sauƙi, baiti wajen 160 da aka saba kasawa fasali 10, sai ka ɗauki fasali guda, misali na biyu mai gargaɗi kan son zuciya. A rubutacciyar waƙar Hausa kuwa, baitocin farko yawanci basmala ne da salati, na ƙarshe addu'a da sunan mawallafi da ramzi. Mai karanta baiti shida na farko kullum zai shekara yana karanta mabuɗi, masu sauraro ba su taɓa jin abin da waƙoƙin suka zo faɗa ba. Karanta baitin buɗewa ɗaya don girmama tsarin mai ita, ka ce "har inda ya ce", ka tsallaka zuwa turke.

Tahamisi yana da nasa hukunci. A kowane baiti mai ɗango biyar, ukun farko na mai tahamisi ne, biyun ƙarshe na mai asalin waƙa. Ishiriniya da ake rerawa haka take: asalin na Alfazazi ne, wanda ya rasu a 1230, tahamisin na Ibn Mahib. Tabbat Haƙiƙa hannu uku ne ma: Shehu Usmanu ya yi ta da Fulatanci, Nana Asma'u ta mai da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi tahamisi. Ko dai ka karanta biyar ɗin ka ambaci kowa, ko ka ɗauki na huɗu da na biyar kaɗai ka ce asalin ke nan. Kada ka tsaya a ɗango na uku, domin babban amsa-amo a na biyar yake, kunne zai ji an bar shi a rataye.

Kuskuren da ya fi ba mu ciwo shi ne a ɗauko maganar ɗan cikin labari a jingina wa mawallafi a matsayin hikimarsa. A maƙamar farko ta Hariri, ta San'a, akwai wa'azi mai sa kuka kan mutuwa da ruɗin duniya. Mai wa'azin Abu Zaid Assaruji ne, kuma mai ba da labarin, Harisu ɗan Hammam, ya bi shi a ɓoye har wani kogo ya tarar da shi gaban gasasshen ɗan akuya da tulun giya. Wanda ya karanta wa'azin kaɗai ya ce "in ji Hariri" ya zubar da rabin abin da Hariri ya gina. Haka jawaban Dimna: kalamai ne masu santsi na mai haɗa husuma, wanda a babi na gaba aka gurfanar da shi aka kashe.

Akwai kuma labaran da ƙarfinsu duka yana kan abin da mai sauraro ya sani, jaruman kuwa ba su sani ba. Rustam da Suhrab a Shahnama, wadda Firdausi ya kammala a 1010, shi ne babban misali. In za ka karanta kokawarsu ta ƙarshe, dole shimfiɗarka ta faɗi cewa Rustam ya bar wa Tahmina wani abin ɗaurawa a damtse don ɗan da za ta haifa masa, wato Suhrab, ya tafi bai taɓa ganin yaron ba, kuma yaron ya fito yaƙi ne yana neman ubansa. Fara daga inda suka kama juna a karo na ƙarshe, ka tsaya a inda Rustam ya kwance sulken yaron ya ga alamar. Roƙon magani wurin Sarki Kawus da hanawar da ya yi, ajiye shi ya zama karatun mako mai zuwa. Kafin ranar shiri, karanta guntun sau uku da agogo a hannu, ka sa alamar numfashi a ƙarshen kowane baiti, ba a tsakiyar ɗango ba. In ya haura lokaci, rage baiti sukutum daga farkon guntun, kada ka ƙara sauri.